Kumburin Jijiyoyin Ƙafa da Gyambon Idon Sawu: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Magance Shi

Mutum zai yi shekara biyu yana wanke gyambo a saman idon sawunsa. Yau a shafa wannan mai, gobe a barbaɗa wancan gari, jibi a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma miki yana nan yana tsatsar ruwa. Idan ya ɗan rufe, bayan wata uku sai ya sake buɗewa a daidai wurin. An bar jaki ne ana dukan taiki. A mafi yawan irin wannan gyambo, fata ba ita ce mai laifi ba. Jini ne ya kasa hawa sama ya koma zuciya, ya taru a ƙasan ƙafa yana matsa fata daga ciki har ta gaji ta fashe. Duk wani magani da bai rage wannan matsin ba, ɓata lokaci ne da ɓata kuɗi.

Kalmar jijiya tana da faɗi, don haka bari a rarrabe. Akwai jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafa, akwai kuma masu mayar da shi. Maganarmu a kan masu mayarwa take, kuma a ƙafa hawa uku ne. Akwai na can ciki, waɗanda ke kwance a tsakanin tsoka, su ke ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100 na jinin da ke komawa. Akwai na ƙarƙashin fata, manyansu biyu: babbar safina, wadda ta tashi daga gaban idon sawu na ciki ta bi ta cikin ƙwauri da cinya har inda cinya ta haɗu da mara, da ƙaramar safina, wadda ta tashi daga bayan idon sawu na waje ta haura ta shige a bayan gwiwa. Sai kuma gajerun jijiyoyi da ke huda tsoka suna haɗa na waje da na ciki.

A cikin kowace akwai bawul, wasu siraran marufai biyu masu buɗewa idan jini zai yi sama, su rufe idan zai dawo ƙasa. Abin da ke tura jinin kuwa shi ne tsokar sharaɓa, wato naman bayan ƙwauri. Duk takun da mutum ya yi, tsokar nan tana matse jijiyoyin ciki kamar famfo. Idan mai lafiya ya tsaya cik, matsin jini a jijiyar idon sawunsa yana kai 80 zuwa 90 a ma'aunin mmHg, wanda ake auna hawan jini da shi. Da ya fara tafiya, sai ya faɗo ƙasa da 30. Wanda bawul ɗinsa ya lalace, ko yana tafiya matsin ba ya sauka yadda ya kamata, domin abin da tsoka ta tura sama yana zubowa ƙasa kafin taku na gaba. Ciwon ke nan gaba ɗayansa. Ruwa yana tsatsowa daga ƙananan jijiyoyi ya kumbura ƙafa, jajayen ƙwayoyin jini su fita su mutu a ƙarƙashin fata su bar sinadarin ƙarfe da ke rina ta, kitsen da ke ƙarƙashin fata ya yi tauri, daga nan ɗan ƙwarzane ma ya isa ya zama gyambo.

Bawul yakan lalace ta hanya biyu. Ko dai bangon jijiya ya saki ya buɗe har marufan su daina haɗuwa, wanda gado da shekaru da yawan haihuwa da ƙiba da doguwar tsayuwa ke jawowa, ko kuma jini ya taɓa daskarewa a jijiyar ciki, gudan jinin ya narke ya bar tabo, ya lalata bawul ko ya ƙuntata hanya. Na biyun ya fi wuyar magani, kuma tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda jini ya daskare musu a jijiyar ciki sukan gamu da shi daga baya. Akwai kuma wanda bawul ɗinsa da sauƙi amma famfon ne ya mutu: idon sawu ya sandare, ko mutum yana jan ƙafa ba ya ɗaga dunduniya, ko ya wuni a kujera.

Abin da ake ji da abin da ake gani

Nauyin ƙafa, tsami, ƙaiƙayi, ɗaurewar tsoka da dare, da kumburin da babu shi da safe amma zuwa yamma takalmi ya matse. Alamar da ta fi amfani ita ce lokacin da ciwon ke tashi: yana ƙaruwa da tsayuwa da zafin rana, yana lafawa idan an kwanta an ɗaga ƙafa.

Likitoci suna da ma'aunin gane matakin da wannan ciwo ya kai, ana kiransa CEAP, wanda aka fitar a 1994 aka sake gyara shi a 2004 da 2020. Mataki na 1 siraran jijiyoyi ne kamar saƙar gizo, ba su kai milimita 3 ba. Na 2 su ne jijiyoyin da suka kumbura suka murɗe, daga milimita 3 zuwa sama. Na 3 kumburin ƙafa. Na 4 canjin fata: duhu, ƙaiƙayi da saɓa, taurin fata har ƙasan ƙwauri ya tsuke sama ta yi faɗi kamar kwalbar da aka kifa, ko fararen tabo masu santsi. Na 5 gyambon da ya warke, na 6 wanda yake buɗe. Ba dole ne mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Mai ƙiba na iya kaiwa mataki na 4 ba a taɓa ganin jijiya ko ɗaya ta fito masa ba. A baƙar fata kuma ba a cika ganin ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ya yi ƙyalli, shi ya sa tafin hannu ya fi ido aiki a nan: a taɓa a ji tauri, a ji ɗumi, a gwada da ɗaya ƙafar.

Ba kowane kumburi ne na jijiya ba. Idan ƙafa biyu suka kumbura tare, a duba zuciya da ƙoda da hanta, a kuma tambayi magungunan da mutum ke sha, domin maganin hawan jini irin su amlodifin yana kumbura idon sawu. Idan kumburin ya haɗa da yatsu, har ba a iya tsunkular fatar gindin yatsa na biyu a ɗaga ta, a yi zargin toshewar magudanan ruwan jiki. Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu da ciwo, wannan ba abin jira ba ne, a yi sikanin a ranar don a tabbatar ba jini ne ya daskare ba.

Gyambon ma iri-iri ne. Na jijiyar mayar da jini yakan zauna tsakanin idon sawu da tsakiyar ƙwauri, galibi ta ciki, ba shi da zurfi, bakinsa ba a daidaice yake ba, yana yawan ruwa, fatar gefensa ta yi duhu. Na rashin isar jini ƙafa yakan fito a yatsu ko dunduniya ko saman ƙashi, mai zurfi kamar an huda da ƙarfe, ƙafar da sanyi, kuma ciwonsa da dare yake tashi har sai mutum ya sauko da ƙafa daga gado ya samu sauƙi. Na ciwon suga a tafin ƙafa yake, sau da yawa ba zafi. Masu sikila su ma suna yin gyambo a kusa da idon sawu, mai tsananin zafi, tun suna matasa.

Gwaji biyu da ba a tsallake su

Na farko, kafin a ɗaura wa kowa bandeji mai matsi, a tabbatar jini yana isa ƙafar. Taɓa bugun jijiya da yatsa bai wadatar ba, musamman a ƙafar da ta kumbura. Mutum zai kwanta ya huta minti 10 zuwa 15. A auna matsin jini na sama a hannu biyu da ƙaramar na'urar dofla mai jin motsin jini, a ɗauki mafi girma. A ɗaura abin awon a saman idon sawu, a saurari jijiyar saman ƙafa da ta bayan idon sawu na ciki, a ɗauki mafi girma. Sai a raba na ƙafa da na hannu. Idan ƙafa ta ba da 120 hannu ya ba da 130, an samu 0.92. Daga 0.8 zuwa 1.3 ana iya matsewa sosai. Tsakanin 0.5 da 0.8 jini ba ya isa ƙafar sosai, sai dai matsi mai sauƙi kuma a hannun ƙwararre. Ƙasa da 0.5 ba a matsewa ko kaɗan, sai a gaggauta tura mutum wurin likitan jijiyoyin jini. Sama da 1.3 ma ba abin murna ba ne, yana nufin jijiyar ta yi tauri ba ta matsuwa, kamar yadda ake gani a masu ciwon suga da ciwon ƙoda, don haka sai a auna a babban yatsan ƙafa. Wanda ya tsallake wannan awo ya matse ƙafar da jini ba ya isa, yana iya jawo a yanke ta.

Na biyu shi ne sikanin ɗin jijiyoyi, wanda ke nuna hoton jijiya da kuma inda jini ya dosa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi shi mutum yana kwance. A kwance ana iya gano gudan jini, amma zubowar jini ƙasa a tsaye ake ganinta, mutum ya ɗora nauyinsa a ɗaya ƙafar. Mai sikanin zai matse sharaɓa ya saki, ya ƙirga tsawon lokacin da jini ya yi yana komawa baya. Fiye da rabin daƙiƙa a jijiyoyin ƙarƙashin fata, ko fiye da daƙiƙa 1 a manyan jijiyoyin ciki na cinya da bayan gwiwa, bawul ya lalace. Takardar sakamako mai amfani za ta faɗi wace jijiya ce ke zuba, daga ina zuwa ina, faɗinta milimita nawa, kuma jijiyoyin ciki a buɗe suke ko a toshe. Wannan na ƙarshen shi ne ke yanke hukunci, domin idan na ciki sun toshe, mai yiwuwa jijiyar wajen da ta kumbura ita ce kaɗai hanyar da ta rage wa jini, kuma rufe ta ɓarna ce. Takardar da ta ce kawai "babu gudan jini" ba ta amsa tambayar da aka yi ba.

Matsi

Matsi daga waje shi ne ginshiƙin magani. Yana tsuke jijiya har marufan bawul su kusanci juna, yana ba tsoka bangon da za ta tura, yana mayar da ruwan da ya tsatso. Ƙa'idarsa ita ce ya fi ƙarfi a idon sawu, ya riƙa raguwa yana hawa.

Ga wanda bai da gyambo, safar matsi ta isa, kuma mai tsayawa ƙasan gwiwa ta wadatar wa yawancin mutane. A auna ƙafa da sassafe kafin ta kumbura: kewayen idon sawu inda ya fi siranta, kewayen sharaɓa inda ya fi kauri, da tsawo daga dunduniya zuwa ƙasan gwiwa. A kula da lambar mmHg da ke jikin kwali, ba lambar aji ba, domin aji na 2 a ma'aunin Ingila 18 zuwa 24 ne, a ma'aunin Jamus kuwa 23 zuwa 32. Don nauyin ƙafa da ɗan kumburi, 20 zuwa 30 ya yi. Don taurin fata ko gyambon da ya warke, ana son 30 zuwa 40 idan mutum zai jure. Amma safa mai sauƙi da ake sawa kullum ta fi mai ƙarfi da ke ajiye a akwati. A sa ta da safe kafin a sauko daga gado, a cire da dare, a shafa mai marar turare bayan an cire. Kada a naɗe bakinta idan ta yi tsawo, domin ninkin zai zama kamar igiya ya tare jini. Robarta tana saki, sai a canza bayan wata 3 zuwa 6. Farar safar da ake sa wa marasa lafiya a gadon asibiti don hana daskarewar jini ba ita ba ce, ƙarfinta bai isa mai tsayuwa da tafiya ba.

Ga gyambo, ana neman kusan 40 a idon sawu, kuma bandeji mai hawa-hawa ne ke ba da shi, mai hawa biyu ko mai hawa huɗu irin wanda aka fito da shi a asibitin Charing Cross na Landan a shekarun 1980. A wanke ƙafar da ruwa mai tsabta, a cire mataccen nama da ɓawo, a rufe mikin da abin da ba ya mannewa kuma yana shan ruwa. Tsadar abin rufin ba ita ke warkar da gyambo ba. Sai a naɗa auduga mai laushi, a ƙara ta a kan ƙashin ƙwauri da idon sawu da jijiyar agara. A tanƙwara ƙafa ta tsaya kamar mutum yana tsaye, a fara naɗi daga gindin yatsu, a haɗa da dunduniya, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, ja iri ɗaya tun daga ƙasa, a tsaya yatsa biyu ƙasa da lanƙwasar gwiwa. Ba sai an sassauta hannu a sama ba, domin da ja iri ɗaya wuri siriri ya fi jin matsi fiye da mai kauri. Wannan ne ma ya sa siririyar ƙafa take cikin haɗari: idan kewayen idon sawu bai kai santimita 18 ba, sai an cika shi da auduga kafin a naɗa. Da farko, lokacin da ruwa ke da yawa kuma kumburi na saɓewa, akan canza sau biyu ko uku a mako, daga baya sau ɗaya. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina jin taɓi, ko ciwo ya tsananta, a kwance bandejin nan take.

Naɗa bandejin yadi mai laushi a kan mikin kaɗai, a bar ƙafa da dunduniya a buɗe, ba matsi ba ne. Kumburin zai koma ƙasa ne kawai.

Tafiya tana cikin maganin. Bandeji yana aiki ne idan tsoka na motsi a ƙarƙashinsa. A riƙa ɗage dunduniya a tsaya a kan yatsu a sauko, sau 10 zuwa 15, sau da yawa a rana. A ɗaga ƙafa sama da zuciya na minti 30 sau uku ko huɗu a rana. Ɗora ƙafa a ƙaramar kujera mutum yana zaune bai kai ba. Kwana a zaune kuwa yana rushe duk aikin da aka yi da rana.

Rufe jijiyar da ke zuba

Mutane sukan tambaya: idan aka rufe jijiya, ta ina jini zai bi? Jijiyar da bawul ɗinta ya mutu dama ba ta kai jini sama, ƙasa take mayar da shi. Idan na ciki lafiya suke, rufe ta sauƙi ne gare su.

Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, a ƙa'idojin da ta fitar a 2013, ta jera hanyoyin haka: a fara da ƙona jijiya daga ciki, idan bai yiwu ba a yi allurar kumfa, idan ita ma ba ta yiwu ba a yi tiyata. Ta kuma ce kada a bar mutum da safa a matsayin magani na dindindin sai idan waɗannan ba su dace da shi ba. Mai juna biyu ita ake bari da safa har ta haihu, domin jijiyoyin sukan ragu da kansu bayan haihuwa.

Wajen ƙonawa, ana kallon sikanin a huda jijiyar a kusa da gwiwa, a zura siririn bututu har ya rage kamar santimita 2 ya kai mahaɗarta da jijiyar ciki. Sai a yi allurar ruwa mai maganin kashe zafi a kewaye da jijiyar duk tsawonta. Ruwan nan aiki uku yake yi: ya kashe zafi, ya matse jijiyar a jikin bututun, ya kare fata da jijiyoyin ji daga ƙuna. Ana ƙonawa da hasken leza ko da zafin igiyar rediyo, wanda ke kai digiri 120 a kan santimita 7 na daƙiƙa 20 kowane zango. Fiye da 90 cikin 100 na jijiyoyin suna rufewa, mutum kuma da ƙafarsa yake fita a ranar. Abin da kan biyo baya shi ne tsami da jin kamar igiya a cinya na mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fata ta daina jin taɓi a gefen ƙwauri ko gefen ƙafa idan zafi ya taɓa jijiyar ji, shi ya sa ake taka-tsantsan da ƙonawa can ƙasa kusa da idon sawu. Nadiran gudan jini yakan leƙa cikin jijiyar ciki.

Kumfa kuwa, ana haɗa kashi 1 na magani irin su folidokanol da kashi 4 na iska, a yi ta tura su tsakanin sirinji biyu kamar sau 20 har su zama kumfa mai kauri, a yi allurarta cikin jijiya, kada ta wuce mililita 10 a zama ɗaya. Ita ce ta fi dacewa da jijiyoyi masu murɗiya, da waɗanda suka dawo bayan tiyata, da na ƙarƙashin gyambo. Rauninta shi ne jijiya ta fi saurin sake buɗewa, kuma takan bar duhu a fata na watanni. Akwai kuma gam na musamman da ake liƙe jijiya da shi ba tare da zafi ba, sai dai wasu jikinsu yana ƙin sa. Tsohuwar tiyatar ɗaure jijiya a zare ta har yanzu tana aiki, jinyarta ce ta fi tsawo.

Da can akan ce a jira gyambo ya warke kafin a taɓa jijiya. Binciken EVRA da aka yi a Birtaniya a kan mutum 450, aka wallafa a 2018, ya sauya wannan: waɗanda aka rufe musu jijiya cikin mako biyu tare da matsi sun warke a matsakaicin kwana 56, waɗanda aka jinkirta musu kuwa kwana 82. Kafin shi, binciken ESCHAR a kan mutum 500 ya nuna cewa cikin shekara 4 gyambo ya dawo wa kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata da matsi, amma ya dawo wa kashi 56 na masu matsi kaɗai. Don haka miki a ƙasan gwiwa da ya yi mako biyu bai warke ba, sikanin yake buƙata, ba sabon man shafawa ba.

Magungunan sha ba su da babban matsayi. Daflon da makamantansa suna rage nauyi da kumburi ga wasu, amma ba sa gyara bawul. Fentoksifilin, miligiram 400 sau uku a rana, yana taimaka wa gyambo idan an haɗa da matsi. Maganin sa fitsari ba ya magance kumburin jijiya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta sai idan akwai zazzaɓi, ko zafi da kumburi masu yaɗuwa, ko ruwan miki ya koma mugunya. Ƙafa biyu da suka yi ɗumi da ƙaiƙayi lokaci guda kusan kullum kumburin fata ne na jijiya, man sitiroyid na ɗan lokaci da matsi suke so. A guji mai mai neyomaisin ko lanolin ko turare, fatar gefen gyambo tana saurin ƙin su.

Abu biyu na gaggawa. Idan jijiyar da ta kumbura ta fashe, jinin yana feshi har ya firgita mutum. A kwanta, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle na minti 10 ba ɗagawa, sannan a tafi asibiti. Kada a ɗaure sama da wurin da igiya, ƙara zubar zai yi. Idan kuma jijiyar ta yi tauri kamar igiya da zafi, jini ne ya daskare a cikinta, a yi sikanin: idan tsawonsa ya kai santimita 5 akan ba da maganin tsinka jini na kwana 45, idan kuma ya zo santimita 3 kusa da mahaɗar jijiyar ciki, kamar daskarewar jijiyar ciki ake ɗaukarsa.

A riƙa auna gyambo, tsawo da faɗi, ko a ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe duk mako. Idan bayan mako 4 na matsi mai kyau bai ragu da kusan kashi 40 cikin 100 ba, akwai abin da aka tsallake. A sake awon jinin ƙafa, a duba ko bandejin yana zamewa, a auna suga da yawan jini. A duba sama da cinya ma, musamman idan ƙafar hagu ce kuma kumburin ya kai cinya, domin a cikin ƙugu jijiyar da ke kai jini ƙafar dama tana haye wadda ke mayar da jinin ƙafar hagu, takan danne ta, kuma maganin wannan shi ne a buɗa wurin a sa ragar ƙarfe. Gyambon da ya kai mako 12 ana yi masa duk abin da ya dace bai motsa ba, ko bakinsa ya tashi ya naɗe, ko nama ya toho a cikinsa yana zubar jini da an taɓa, a yanki ɗan nama daga gefensa a kai ɗakin gwaji, domin tsohon miki yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji, wani kuma tun farko dajin ne aka ɗauka gyambo.